Saita RIP a Rautocin Cisco: Me Ya Sa R2 Take Ganin 172.16.0.0/16 Ta Ɓangare Biyu?

"Assalamu alaikum Malam. An ba ni kula da sadarwar wani kamfani, akwai rauta uku na Cisco a jere: R1, R2 da R3. Kwamfutocin bayan R1 suna kan 172.16.10.0/24, na bayan R3 suna kan 172.16.20.0/24. Tsakanin R1 da R2 akwai 192.168.12.0/30, tsakanin R2 da R3 kuma 192.168.23.0/30. A jikin R3 akwai wata tsohuwar fayawol a kan 172.16.30.0/24 da ba ta jin komai sai RIP sigar farko, kuma ba za a sauya ta bana ba. Babban ofis yana kan OSPF, ta R1 ake shiga. Na rubuta router rip da network a kan duka ukun, amma R2 tana nuna 172.16.0.0/16 ta ɓangarori biyu, ping daga R2 wani ya wuce wani ya faɗi, kwamfutocin R1 kuwa ba sa isa na R3 sam. Ina na yi kuskure, kuma yaya zan haɗa wannan da OSPF?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce: abin da ya hana ɓangarori biyu na 172.16 ganin juna, da yadda za a rayu da RIP a gefen OSPF tunda fayawol ɗin nan ta tilasta. RIP da OSPF duka ƙa'idoji ne da rautoci ke bi su gaya wa juna hanyoyin da suka sani. Umarnin da ka rubuta ba kuskure ba ne. Abin da ya cije ka shi ne halin da RIP yake zuwa da shi idan ba a taɓa shi ba, domin yana ɗauka har yanzu ana rayuwa a zamanin da aka rubuta shi.

An bayyana RIP a takardar RFC 1058 a shekarar 1988, ko da yake ya daɗe yana aiki kafin nan a cikin manhajar routed ta BSD, wani nau'in Unix. A wancan lokaci adireshin IP aji-aji ne: duk wanda ya fara da 1 zuwa 126 ajin A ne mai maski /8 (maski shi ke nuna wane ɓangaren adireshi ne na sadarwar), 128 zuwa 191 ajin B mai /16, 192 zuwa 223 ajin C mai /24. Saboda haka sigar farko ba ta aika maski a cikin sanarwarta kwata-kwata. Adireshi kawai take faɗa da yawan zango, wato rautocin da za a ratsa kafin a isa, mai karɓa shi zai yi hasashen maskin. Siga ta biyu, wadda aka kammala a RFC 2453 a 1998, ita ce ta ƙara maski, da alamar hanya, da tantancewa da kalmar sirri, kuma ta daina shela ga kowa a 255.255.255.255, ta koma aika wa rukunin 224.0.0.9. Duka biyun suna amfani da UDP lamba 520.

To, rautar Cisco idan ka rubuta router rip ka tsaya, siga ta 1 take aikawa, tana karɓar ta 1 da ta 2. Yanzu bi abin da ke faruwa a wajenka. R1 tana so ta gaya wa R2 labarin 172.16.10.0, amma kafar (interface) da za ta bi tana kan 192.168.12.0, wato wata babbar sadarwa daban. Tunda ba maski a sanarwar, R2 ba ta da hanyar sanin cewa /24 ake nufi, don haka R1 sai ta dunƙule shi zuwa iyakar aji ta ce "172.16.0.0 yana wajena, zango 1". R3 ma haka take faɗa daga ɗaya gefen, kalma da kalma. R2 ta ji mutum biyu suna da'awar abu ɗaya da ma'auni ɗaya, sai ta gaskata duka, ta raba kaya tsakaninsu. Fakitin da ya dace ya bi ɓangaren da ya kamata ya isa, wanda ya bi ɗayan ya mutu. Wannan ne ping ɗinka mai wucewa da faɗuwa. R1 kuwa ba za ta taɓa jin labarin 172.16.20.0 ba, saboda R2 ba ta da shi. Abin da take da shi 172.16.0.0 ne kawai, kuma akwai ƙa'idar da ta hana rauta mayar da labarin hanya ta kafar da ta jiyo shi. R2 ta jiyo shi ta kafofinta biyu, don haka ta yi shiru ta ko'ina.

Gyaran

Layi biyu ne suke warware wannan, kuma sai an sa duka biyun. Mutane da yawa suna sa version 2 su ga ba abin da ya sauya, su ɗauka matsalar wani wuri take. Dalili shi ne siga ta 2 a Cisco, duk da tana iya ɗaukar maski, tana ci gaba da dunƙulewa a iyakar aji har sai an hana ta da no auto-summary. Ga yadda R3 za ta kasance, a ɗauka Gi0/0 ce ta kwamfutoci, Gi0/1 ta fuskanci R2, Gi0/2 ta fayawol:

router rip
 version 2
 no auto-summary
 passive-interface default
 no passive-interface GigabitEthernet0/1
 no passive-interface GigabitEthernet0/2
 network 172.16.0.0
 network 192.168.23.0

R1 da R2 haka, kowacce da nata network da kafofin da take magana ta cikinsu. Ka lura da umarnin network: a RIP ba ya karɓar maski, kuma ko ka rubuta 172.16.20.0 rautar za ta mayar da shi 172.16.0.0 da kanta. Ma'anarsa ita ce duk kafar da adireshinta ya faɗa cikin 172.16 ta shiga RIP, kana so ko ba ka so. A R1 wannan yana da haɗari, domin idan kafar da ke fuskantar babban ofis ita ma tana cikin 172.16, RIP zai fara magana ta can. Abin da ya sa nake fara wa da passive-interface default ke nan, in rufe bakin kowace kafa, sannan in buɗe waɗanda nake bukata ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin da za ka bi wajen sauyawa yana da muhimmanci idan daga nesa kake aiki. Rautar da aka sa wa version 2 tana daina sauraron siga ta 1 nan take, alhali wadda ba a taɓa ba tana jin duka biyun. Idan ka fara da ta kusa da kai, za ta daina jin na gaba da ita, bayan daƙiƙa 180 hanyoyin can su mutu. In ta R1 kake shiga, ka fara da R3, mafi nisa, sannan R2, sannan R1, kuma kada ka ɗauki fiye da minti 3 tsakanin ɗaya da ɗaya. Kafin ka taɓa kowacce ka sa reload in 10, kada ka adana saitin sai ka tabbatar kana iya shiga, sannan ka soke da reload cancel. In ka kulle kanka a waje, rautar za ta tashi da tsohon saitinta bayan minti 10.

Bayan gyara, tsohuwar 172.16.0.0/16 ba za ta ɓace daga R2 nan da nan ba, sai lokacinta ya ƙare. Ba za ta cutar ba, tunda /24 ta fi ta tsawon maski kuma ita za a bi, amma in kana so ka ga teburi mai tsabta, clear ip route 172.16.0.0 255.255.0.0 zai cire ta. Abin da ya kamata ka gani a show ip route rip a kan R1 shi ne 172.16.20.0/24 da [120/2] a gabansa: 120 matakin amincewa da Cisco ta ba RIP, 2 kuma yawan zango.

Tsohuwar fayawol

Ba sai ka mayar da duk sadarwar siga ta 1 saboda na'ura ɗaya ba. Ana zaɓar siga kafa-kafa:

interface GigabitEthernet0/2
 ip rip send version 1
 ip rip receive version 1

Sa'arka ita ce kafar tana kan 172.16.30.0/24, maski ɗaya da sauran. Idan rauta za ta aika siga ta 1, tana duba kowane sabnet na babbar sadarwar da kafar take ciki: wanda maskinsa ya yi daidai da na kafar ta aika, wanda ya bambanta ta bar shi. Don haka 172.16.10.0/24 da 172.16.20.0/24 za su isa fayawol lafiya, amma ranar da wani ya ƙirƙiri 172.16.40.0/25, fayawol ba za ta ji labarinsa ba, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito ya gaya maka. A ganina abin da ya fi shi ne kada ka dogara da wannan sa'ar. Idan R3 ce kaɗai hanyar fayawol zuwa cikin kamfani, kuma ba fayawol ɗin ce ke fita intanet ba, ka aika mata 0.0.0.0 kawai, siga ta 1 tana ɗaukar wannan ba matsala:

ip prefix-list TSOHO permit 0.0.0.0/0
router rip
 distribute-list prefix TSOHO out GigabitEthernet0/2

Idan kuwa fayawol ɗin tana da nata mafita zuwa intanet, to kada ka tura mata 0.0.0.0, ka bar mata sabnet ɗin /24 ka rubuta a takardun aiki cewa wannan kafa ba ta ɗaukar wani maski. Ta ɓangaren shigowa ma ka sa wata distribute-list mai in, ka lissafa ainihin hanyoyin da kake sa ran ji daga gare ta, domin siga ta 1 ba ta da tantancewa ko kaɗan.

Wannan ya kawo mu ga wani abu da ake yawan ruɗewa a kai. A OSPF da EIGRP, wata ƙa'idar hanya ta Cisco, kafar da aka sa wa passive ba ta ƙulla maƙwabtaka, don haka ba ta koyon komai. A RIP ba maƙwabtaka, sanarwa ce kawai ake jefawa duk daƙiƙa 30, kuma passive aikawa kaɗai yake hanawa. Kafar tana nan tana saurare. Duk wanda ya jona kwamfuta a Gi0/0 ya kunna manhajar RIP zai iya cewa 0.0.0.0 yana wajensa, R3 ta yarda. Maganinsa shi ne jerin izini (access-list) a kan kafar kwamfutoci da zai toshe UDP 520, da kuma tantancewa tsakanin rautoci:

key chain MAKULLI
 key 1
  key-string (kalmar sirrinka)
interface GigabitEthernet0/1
 ip rip authentication mode md5
 ip rip authentication key-chain MAKULLI

Sunan key chain ba dole ya zo ɗaya a ɓangarori biyu ba, amma kalmar sirri dole, lambar key ma ka daidaita ta. Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci a nan shi ne fili ɗaya da ya maƙale a ƙarshen kalmar lokacin kwafa da liƙawa. Ido ba ya ganinsa, rauta kuwa tana ƙirga shi. Idan debug ip rip ya nuna "invalid authentication" alhali ka rantse kalmar ɗaya ce, ka goge ka sake bugawa da hannu. MD5 ba ya ɓoye hanyoyin da ke cikin sanarwar, tabbatar da mai aikowa kawai yake yi.

Haɗawa da OSPF

Nan ne aka fi yin ɓarna. Daga RIP zuwa OSPF, a kan R1:

router ospf 1
 redistribute rip subnets tag 120

Kalmar subnets idan babu ita a tsofaffin IOS, manhajar rautocin Cisco, manyan sadarwa masu maskin aji kaɗai za su shiga, 172.16.20.0/24 ta tsaya a ƙofa. Hanyoyin za su bayyana a babban ofis a matsayin na waje, nau'in E2, da ma'auni 20. Alamar 120 lamba ce kawai da na zaɓa don ta tuna mini RIP, amfaninta yana gaba.

Daga OSPF zuwa RIP kuwa, shawarata ita ce kada ka zuba teburin babban ofis cikin RIP in ba dole. Fakitin RIP ɗaya hanya 25 yake ɗauka, 24 in akwai tantancewa, don haka hanya 600 fakiti 24 ne ko 25 duk daƙiƙa 30, ta kowace kafa, ko an sami sauyi ko ba a samu ba. Tsofaffin na'urori suna zubar da wasu daga ciki idan suka zo a jere da sauri, sai ka ga hanyoyi suna ɓacewa suna dawowa ba dalili. Tunda R2 da R3 ba su da wata mafita sai R1, default-information originate a ƙarƙashin router rip ya ishe su. Ka dai sani a IOS wannan umarni yana sanar da 0.0.0.0 ko da R1 kanta ba ta da shi a teburinta, don haka in kana so ya janye lokacin da babban ofis ya yanke, sai ka ɗaura masa route-map mai duba wanzuwar wata hanya ta can.

Idan dole sai ka zuba wasu hanyoyin, kada ka manta da ma'auni: redistribute ospf 1 metric 2. Ba tare da metric ba, RIP yana ɗaukar hanyoyin OSPF a matsayin waɗanda ba a iya kaiwa, ba ya aika ko ɗaya, kuma saitin zai karɓu kamar komai lafiya. Ka zaɓi ƙaramar lamba, saboda iyakar RIP zango 15 ce, 16 na nufin babu hanya. Wanda ya sa metric 14 ya bar wa hanyar zango biyu rak kafin ta mutu: R2 ta gan ta da 14, R3 da 15.

Yanzu mahaɗarka ɗaya ce, R1, kuma muddin haka ne kana cikin sauƙi. Ranar da aka ƙara ta biyu don kariya, a ce R4, lissafi ya sauya. R1 ta zuba 172.16.20.0/24 cikin OSPF. R4 tana jin wannan hanya ta RIP da matakin amincewa 120, tana kuma jin ta ta OSPF da 110. Ƙaramar lamba ce ke cin nasara, don haka R4 za ta bar hanyar da ke gabanta ta zagaya ta babban ofis, in kuma tana zuba OSPF cikin RIP, ta mayar wa RIP kayansa a matsayin sabon labari. Daga nan zagaye yake farawa. Abu biyu ake yi a kan mahaɗun duka: route-map da ke hana duk mai alamar 120 komawa RIP, da distance ospf external 125 a ƙarƙashin router ospf, don RIP ya rinjaya a kan nasa hanyoyin. Sai dai na biyun yana da tarkonsa. Hanyar 0.0.0.0 a OSPF ita ma ta waje ce, ta koma 125 ke nan, sai R4 ta fifita 0.0.0.0 ɗin da R1 take sanarwa ta RIP. Dole ka toshe 0.0.0.0 da distribute-list mai in a RIP na mahaɗun biyu.

Lokuta da ma'auni

Saitin asali a Cisco shi ne sanarwa duk daƙiƙa 30, a ɗauki hanya ta lalace bayan 180 ba a ji ta ba, riƙewa 180, sharewa a 240. Idan waya ta tsinke kafa ta faɗi, rautar tana aika sanarwar gaggawa da ma'auni 16, labari ya bazu cikin daƙiƙu. Matsalar tana inda akwai suwic ko layin kamfanin sadarwa a tsakani: can ciki ya yanke, kafarka tana nuna tana sama, sai an jira 180 cif kafin a fara zargi, kuma za a iya kai 240 kafin a karɓi wata hanya mai zango mafi yawa. Minti 4 ke nan. Ana iya ragewa da timers basic 10 30 30 40, amma sai an sa iri ɗaya a duk masu magana da juna. A wajenka fayawol tana ciki, kuma idan ita tana aikawa duk daƙiƙa 30 alhali R3 tana kashe hanya a 30, hanyoyinta za su riƙa rawa. In ba za ka iya sauya lokutan fayawol ba, ka bar na asali. A jerin rauta uku da ba hanya ta biyu, saurin gano yankewa ba ya ƙara maka komai.

RIP ba ya sanin faɗin layi. Tsohon layin T1 mai 1.544 Mbps mai zango 1 ya fi masa layin gigabit mai zango 2. Idan aka taɓa ƙara irin wannan layi kai-tsaye tsakanin R1 da R3 don ajiya, duk kaya za su koma kansa. Ana gyarawa da offset-list 0 in 3 tare da sunan kafar, wanda ke ƙara zango 3 ga duk abin da ya shigo ta nan, kuma a ɓangarori biyu ake sawa, in ba haka ba tafiya ta bi wani layi, dawowa ta bi wani.

Wajen bincike, show ip protocols ne farko: yana nuna sigar da kowace kafa ke aikawa da karɓa, ko dunƙulewa tana aiki, da lokacin da aka ji kowane maƙwabci a ƙarshe. Idan wannan lokaci ya haura daƙiƙa 30 yana ta hawa, sanarwa ba ta isowa ko ana ƙin ta. Sai debug ip rip, da terminal monitor in ta SSH ka shiga, kuma ka kashe da undebug all da zarar ka ga zagaye ɗaya ko biyu. "Illegal version" na nufin sigogi sun saɓa. "Bad source" na nufin adireshin mai aikowa ba ya cikin sabnet ɗin kafar da ya shigo, galibi maski ne aka rubuta daban a ƙarshen waya biyu. Akwai no validate-update-source da ke rufe bakin wannan ƙorafi, amma in ba ka san takamaiman dalilin da ya sa adireshin ya bambanta ba, maskin za ka gyara.

Duk umarnin nan na IOS da IOS XE ne, kuma na gina amsar a kan abin da ka rubuto, ban ga cikakken saitinka ba. Jerin izini da ke toshe 224.0.0.9 a wata kafa zai iya ba da alamu masu kama da wasu daga cikin waɗannan. A NX-OS, manhajar suwicin Nexus na Cisco, ana kunna RIP a kan kafa ne da ip router rip, a Juniper kuma RIP ba ya sanar da komai, har sadarwar da ke jikinsa, sai an rubuta masa manufar fitarwa.

Game da ko RIP ya cancanci zama tsakanin R1, R2 da R3: fayawol ce kaɗai ke bukatarsa, ba su ba. In da ni ne, bayan abubuwa sun daidaita zan kunna OSPF a kan layukan /30 biyu da kafofin kwamfutoci ba tare da na cire RIP ba. Tunda 110 ta fi 120 ƙanƙanta, hanyoyin OSPF za su maye gurbin na RIP da kansu. Kafin nan ka cire redistribute rip daga R1 ka mayar da shi R3, kuma ka tabbatar 0.0.0.0 yana isowa ta OSPF. Idan show ip route rip a kan R1 da R2 ya dawo fayau, ka rubuta no router rip a kansu, a R3 kuma ka mayar da Gi0/1 passive, RIP ya rage a Gi0/2 kaɗai har ranar da za a sauke fayawol ɗin.